Baƙuwar Ciyawa a Bayan Ɗakina

Ni mai ƙyanƙyami ce, tun ina yarinya a Cadawa aka san ni da haka. Mahaifiyata takan ce da ruwa yana wankuwa, da sai na wanke shi kafin in sha. Ban taɓa jin haushin wannan tsiya ba, don gaskiya ce. In ƙuda ya faɗa mini a fura, na bar ta ke nan, ko da yunwa za ta kayar da ni. To, mai irin wannan hali ce Allah ya haɗa da wata ciyawa, wadda har yau in na tuna warinta sai miyau ya tsinke mini a baki.

Aure ya kai ni wani ƙauye kusa da Gazawa. Mu uku ne manya a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa wadda nake kira Inna, Bagobira ce daga wajen Cadakori. A bayan ɗakina akwai ɗan fili tsakanin bango da darnin kara, nan na yi garkata. Kowace damina nakan shuka kuɓewa da yakuwa da ɗan barkono. Lalo da gasaya kuwa su suke kawo kansu, in bar su don miya. Ciyawa ba ta cika ɓoye mini ba. Tun muna yara muke bin mata daji tsinkar tafasa da yaɗiya in hatsi ya yi ƙasa a rumbu, kuma a can aka koya mana yadda ake tambayar ganye sunansa. Ka dube shi, ka murza, ka sansana, in ya ƙi faɗa ka miƙa wa akuya. Harshe shi ne na ƙarshe, shi ma sai wawa yake kai shi. Da haka na san ƙarangiya tun ba ta yi ƙaya ba, na san tsidau, na san ƙuduji mai kashe hatsi, na san zaƙami da ake hana yara taɓawa.

Shekarar da abin ya faru ina goyon ɗa namiji. Shi ne na uku, amma shi kaɗai ne a hannu. Biyun farko sun koma tun ba su yi haƙori ba, har mata sun fara ce mini mai wabi a bayan idona, masu ƙarfin hali ma a gabana. Cikin sanyi na haifi wannan yaro, a ɗakina. Inna ce ta karɓi haihuwar, ita ta wanke mabiyiya, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne, ta kifa fasasshen kasko a kai kamar yadda ake yi. Daga ranar ba ta da wani aiki sai shi. Angona take ce masa, tana yi masa tsiya wai ya zo aure ba sadaki ba haƙori. In ya yi atishawa ɗaya, ita ce ba za ta ci abinci ba.

Da ruwan shuka ya sauka, na shuka kuɓewata, sai ga wani tsiro a gindin bango mai ganye biyu masu kauri. Na ɗauka kabewa ce ta ɓace hanya, na ce zauna, ba a korar miya. Kafin kuɓewa ta kai taƙi, shi ya kusa kai gwiwa. Ganyen ya buɗe kamar ƙaramin faifai, gashi-gashi a jikinsa sama da ƙasa. Kabewa tana yaɗo, wannan kuwa tsaye yake tafiya. Na tsuguna na dube shi da kyau, ban san shi ba. Sai na kai hannu na murza.

Wayyo ni! Yatsuna suka manne kamar na damƙi majina. Na ja hannu, abin ya biyo ni da zare-zare. Warin kuwa, ban san yadda zan kwatanta shi ba. Akwai bunsuru a ciki, akwai ƙwan da ya dame, akwai kuma wani zaƙi-zaƙi a ƙarƙashi, shi ya fi tayar da zuciya. Na wanke hannu da sabulu, na wanke da toka, na goge da lemun tsami, warin yana nan daram. Ranar da cokali na ci tuwo, maigidana yana ta dariya wai na zama matar kumandan, nasaran da ke mulkin gari.

Saura akuya. Akuyata kuwa ba ta da zaɓi a duniya, ta ci leda, ta ci tsumma, ta taɓa cinye mini gefen zane a kan igiya. Na tsinko ganye da kara biyu don kada in sake taɓawa, na miƙa mata. Ta sansana, ta yi atishawa, ta ja baya har igiya ta shaƙe ta. Na ce shi ke nan, shari'a ta ƙare. Na ɗauko hauya.

Na ɗaga ke nan sai na ji muryar Inna a bayana.

"Ke! Aje hauyag ga!"

Na ce, "Inna, ciyawa ce, wari gare ta. Ko akuya ta ƙi ta."

"Kin san ko mi ta?"

"Ban sani ba."

"To abin da ba ki sani ba shi za ki sara? Duba inda ta hito, ɗiyata. Nan na binne mabiyiyar angona da hannun ga nau. Abin da ya tsiro bisa mabiyiyar yaro nashi na, tare suke. Garinmu wata ta tumɓuke irin wagga, ba ta kai kaka da ɗanta ba."

Ni ban yarda ba. Na zauna a lakol, wato makarantar boko, na kuma san ciyawa ba ta da ruwa da ran mutum. Amma macen da ta binne biyu ba ta da bakin gardama a kan na uku. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Na dubi yaron a bayan Inna yana tsotsar yatsa, na ajiye hauya, raina kuwa a ɓace.

Daga nan garkata ta zama kasuwa. Labari ya bazu cewa wani abu ya tsiro a kan mabiyiyar ɗan wabi, kowa kuma sai ya zo ya ba shi suna. Maƙwabciyata ta ce namijin kabewa ne. Na ce kabewa tun yaushe ta yi miji mai irin wannan wari? Wanzamin garin ya zo, ya jinjina kai, ya ce maganin basir ne, amma shi a wurinsa ko tsinken tsire maganin basir ne. Wata tsohuwa ta ce ta san shi sarai, sunan ne kawai ya kwanta mata, ta zauna jiran sunan ya tashi har ta shanye mini rabin ƙwaryar fura. Abin da ya fi ƙona mini rai, kowa sai ya murza ya sansana, ya yamutsa fuska, sannan ya nemi wurin goge hannu. A darnina suke gogewa, da bangon ɗakina. Wata ma a zanen goyon da na shanya ta goge. Sau biyu na wanke zanen nan, daga baya na ba akuya ta kwanta a kai, ita ma ta ƙi.

Maigidana kuwa ya ƙi shiga tsakani. Da na matsa masa, ya ɗauki hoton ciyawar da salula ya tura wa wani malamin gona da ya sani a Agye. Amsa ta zo da murya: wani dogon suna na nasara wanda ba wanda ya iya maimaitawa, sannan mutumin ya ce shi ma a hoto ba zai rantse ba, amma da shi ne da ya cire. Na ce to, ka ji. Maigidana ya sosa ƙeya ya ce, "Ki yi haƙuri dai. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi." Yana gama kawo mini karin magana ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure da kwana, wai ɗakin ya yi zafi. Ba zafi ba ne, wari ne ya kore shi, ni kuwa aka bar ni da shi yana shigowa ta taga duk lokacin da aka yi ruwa.

Ciyawa ta samu gata. Inna tana yi mata noma, tana kore mata kaji. Ta kai ƙirjina, ta rufe kuɓewata da inuwa har ta ƙi 'ya'ya. Ganyen kuma ya zama maƙabarta. Ƙananan ƙudaje da cinnaku da sauro duk wanda ya sauka ya manne, wasu sun bushe, wasu suna ta shure-shure. In na je tsinkar yakuwa sai na toshe hanci da gefen kallabi, in kuma wanke ganyen miyar har ya yi laushi, duk da haka ina ci ina jin kamar warin ya bi shi cikin tukunya. Sai kuma ta yi fure, fari da ja-ja mai kyau, kwalliya a kan ƙazanta. Furen ya zube ta yi 'ya'ya, kore masu ƙiba da ɗan baki a lanƙwashe. Wanda ya nuna sai fatar ta saɓule, baƙin ƙashi ya fito da ƙugiya biyu kamar farcen shaho.

A lokacin ne yaron ya fara rarrafe, kuma duk abin da ya samu baki yake kai wa. Wata rana ina tankaɗe, na waiwaya ban gan shi ba. Na same shi a bakin garka, ganyen nan manne a kumatunsa, matattun ƙudaje a gefen leɓensa, yana yi mini dariya. Na sure shi, na sa yatsa na ƙwaƙule bakinsa, na dirje shi da sabulu har ya shiɗe don kuka. Tun daga ranar tsorona ya rabu biyu. In na cire ciyawar wani abu ya same shi, Inna za ta ce ni na kashe shi, ni ma ban san abin da zuciyata za ta ce mini ba. In na bar ta ya ci, ba wanda ya san abin da take yi a ciki.

Akwai wata Bafillatana da take kawo mana nono, mutanenta sukan gangara kudu da shanu in rani ya yi. Ita kaɗai ce ta ga ciyawar ba ta kai hannu ba. Ta tsaya daga nesa da ƙwaryarta a ka ta ce, "Uwar gida, wannan na gan shi can kudu, bayan mahauta, wurin juji. Nagge, shanu namu, ba ya ci. Ƙaya nashi yana kama wutsiya, yana kama gashi, dabba ya tahi da shi gari-gari."

Na ce, "Mi ne ne sunanta?"

Ta ce, "Suna ban sani ba. Kun yanka dabba nan?"

Sai na tuna da ragon suna. A kasuwar Cadawa maigidana ya sayo shi hannun masu kawo dabbobi daga kudu, wani fari mai geza har ƙirji. A bayan ɗakina aka ɗaure shi, a nan aka yanka, aka haƙa rami aka zuba jini da kashin tumbi aka rufe. Da yamma na kai wa Inna wannan magana a hankali. Ta ce mai tallan nono mi ta sani ga mabiyiyar mutane, ta juya mini baya.

Ba a daɗe ba na lura ganyen ciyawar yana raguwa ta gefe ɗaya, kuma ba akuya ba ce. Na bi sawu har bayan ɗakin Inna. Na tarar da wata 'yar tukunya a rufe da faifai. Na ɗaga faifan da ƙafa. Ruwa ne kore-baƙi mai yauƙi, ganyen ya narke a ciki, ƙudajen da suka manne suna yawo a sama. Na mayar da faifan, na koma gefe na yi ta tofar da miyau. Kullum da safe in zan tafi rijiya, wurin Inna nake barin yaron. Me ake yi da wannan ruwa in ba na nan?

Ban iya tambaya ba. Surukuwa ba a tuhumarta. Sai dai na koma sansanar bakin yaron duk lokacin da na karɓe shi, ina duba kashinsa kamar mai neman zinariya. A kwanakin nan kuma Inna ta fara zaryar bayi, ta rame, idanunta suka faɗa. Sau da yawa nakan tarar da amai a bayan rumbu, in kwaso ƙasa in rufe ina kawar da kai, ina tsaki a zuciyata. Na ce ciwon cikin damina ne. Na yi mata maganar likita, ta ce ba komai, tsufa ne.

Wata safiya na isa rijiya na tarar da layi ya yi tsawo, hankalina kuma ya ƙi kwanciya, sai na bar jarkata wurin maƙwabciya na juyo gida. Ina shiga na ga Inna zaune a ƙofar ɗakinta, yaron a cinyarta, tukunyar nan a buɗe a gabanta, ludayi a hannunta cike da ruwan.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na fizge ɗana daga cinyarta, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Inna, wannan ƙazantar kike ɗura mashi? Biyu ba su isa ba?" Maganar ta fita kafin in kama ta. Inna ta ajiye ludayin. Na saɓa yaron a baya na ɗaure tamau, na ɗauki hauya na nufi bayan ɗaki. Na ce yau ko ni ko ciyawar nan, abin da zai faru ya faru.

Sara ɗaya karan ya karye, yauƙi ya fantsamo mini a hannu da fuska. Ban tsaya ba. Na ja rassan na watsa bayan darni, na shiga haƙar saiwa, don ba na so ko ƙwaya ta rage. Inna ta biyo ni tana dafa bango. Ba ta hana ni ba, ta dai tsaya tana kallo.

Ƙasar sama ja ce mai tsabta. Da na yi ƙasa kaɗan sai ta koma baƙa, jiƙaƙƙiya, wani wari ya taso wanda ya ninka na ganyen. Gwazarma ce ta fara ɓullowa, tsutsotsin juji fari-fari masu ƙiba kamar babban yatsa, suna murɗe-murɗe a bakin hauya. Saiwar ta nutse a cikin wannan baƙin caɓi, ta rungume shi ta ko'ina. Na sa hauya na ɓanɓaro ta. A gindinta, daidai inda ta fara tsiro, ga tsohon baƙin ƙashin nan mai ƙugiya biyu a tsage, da curin farin gashin rago a nannaɗe jikinsa. Wata da watanni ke nan ina shaƙar ramin jini da kashin tumbi, ana yi masa noma, ana kore masa kaji! Na jefar da hauya na durƙusa na yi amai, yaron yana tsala kuka a bayana.

Da na ɗago sai na ga Inna ta durƙusa a gindin bango. Ta auna da hannunta daga kusurwar ɗaki, ta matsa gefe kamar kamu ɗaya daga ramina. Sai da ta fara sa hannu cikin baƙin caɓin nan tana laluben inda saiwar ta bi, sannan ta koma inda ta auna ta yi ta tono da yatsu. Can sai ga bayan fasasshen kasko, a kife yadda ta bar shi, farin rairayi a kewaye, ko silin saiwa bai je wurin ba. Ta shafa shi, ta mayar da ƙasa a hankali ta daddale.

Ta ce, "Ashe ba tashi ba ta."

Na ce, "Inna, don Allah ki gaya mani. Kin ba shi?"

"Ko ɗigo."

"To ludayin hwa?"

Ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango. Ta ce, "Ni ka sha, ɗiyata. Na ce tunda bisa mabiyiyatai ta hito, wataƙila magani na anka aiko mai, don shi zauna muna. Amma ba ni ba shi abin da ban gwada ba. Akuyakki ta ƙiya, sai na ce bari tsohuwar akuya ta gwada. Kullum sahe ludayi guda. In kisa takai, gara ta ɗauki tsohuwa ta bar min angona."

Ranar maigidana ya ɗora ta a amalanke zuwa likita a Gazawa, aka yi mata ƙarin ruwa, aka kuma yi mata faɗa. Allah ya tashi kafaɗunta, ta rayu har ta ga angon nata ya rataya jaka ya tafi lakol. Ciyawar kuwa na tara ta da 'ya'yanta na ƙone, hayaƙin ma wari yake. Har yau ban san sunanta ba, kuma ban ƙara nema ba.

Amma kafin amalanken ya zo, akwai ɗan lokacin da muka rage ni da ita a bayan ɗakin. Hannunta yana kan gwiwarta, baƙi ƙirin har wuyan hannu, caɓin ya shige ƙarƙashin farce, ƙudaje sun fara sauka. Na ɗebo ruwa a ƙwarya, na tsuguna a gabanta, na kama hannun nan da nawa. Ta so ta janye, ta ce, "Bari, ke da ba ki son ƙazanta." Ban saki ba. Na wanke shi yatsa-yatsa, na sa tsinke na ƙwaƙule farcen, warin yana dukan hancina, hawaye yana zuba a cikin ƙwaryar. Warin ya kwana biyu bai bar tafina ba. Da aka sauke tuwo ran nan, ban nemi cokali ba.